Tambayoyin Masu Karatu: Mu Sauya Tambarin Ƙungiyarmu Ko Mu Bar Shi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri ga Malam da dukkan ma'aikatan wannan mujalla, ina neman shawara a kan wata magana da ta fara ƙarama amma yanzu take neman raba kan ƙungiyarmu. Ni ne sakataren wata ƙungiyar taimakon juna ta 'yan unguwa ɗaya a cikin garin Sakkwato, wadda iyayenmu da yayyenmu suka kafa fiye da shekara ashirin da suka wuce domin ɗaukar nauyin marayu, da biyan kuɗin asibiti ga marasa ƙarfi, da gyaran maƙabarta. A yau 'ya'yan ƙungiyar sun watsu, wasu suna Abuja da Legas, wasu suna Yamai, wasu har Saudiyya, kuma mafi yawan harkokinmu sun koma ta WhatsApp da Facebook.

Tambarinmu wani malamin firamare ne daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ya zana shi da hannunsa, Allah ya jiƙansa. Da'ira ce, a tsakiyarta akwai giginya, a gindin giginyar hannu biyu suna musafaha, a bayanta rana tana fitowa, daga sama an rubuta ayar nan ta Suratul Ma'ida da ke umurni da taimakon juna a kan alheri da taƙawa, sannan sunan ƙungiya ya kewaye shi da boko da ajami. Har matan unguwa ba su cika kiran sunanmu ba, sai dai su ce "masu giginya sun zo". Matasanmu sun ce tambarin ya tsufa, ya cika tarkace, ba ya fitowa a waya, kuma idan muka kai takarda ga ƙungiyoyin agaji ana yi mana kallon 'yan ƙauye. Sun kawo sabo, wato haruffa biyu na farkon sunanmu, farare a kan shuɗi. Dattawa sun ƙi, har ɗaya daga cikinsu ya tashi a gaban taro ya ce, "Wanga tambari da shi munka tashi, da shi anka san mu, wanda duk ka son sake shi, shi jira mu mutu tukuna." Tun daga ranar wasu matasa suka daina biyan kuɗin wata. Ni kuwa ina tsakiya, domin ina ganin gaskiya a kowane ɓangare. Malam, mu sauya ko mu bari?

Sakataren wata ƙungiya, daga Sakkwato.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam Sakatare, Allah ya saka maka da alheri a kan wannan ɗawainiya, ya kuma jiƙan malamin da ya zana muku tambarin. Zan faɗa maka ra'ayina tun da farko domin kada in ja ka da nisa: kada ku jefar da wannan tambari, kuma kada ku bar shi yadda yake. Gyara yake buƙata, irin gyaran da ake yi wa babbar riga ta gado, wadda ake kai wa maɗinki ya kama inda ta tsinke, ya rage inda ta yi ja da ƙasa, amma ba wanda yake barinsa ya taɓa aska-takwas ɗin da ke gabanta.

Rabin amsar tambayarka yana cikin wasiƙarka, a wata jimla da ka rubuta kamar a kan hanya, inda ka ce matan unguwa suna kiran ku "masu giginya". Wannan kalma ita ce dukiyar da kuka tara a cikin shekara ashirin, kuma babu wani mai zane, komai gwanintarsa, da zai iya sayar muku da irinta. Kafin kalmar tambari ta koma kan zane, abin kiɗa ne na sarauta wanda ba a buga wa kowa sai sarki, kuma wanda ya ji shi daga bayan ganuwa ya san wanda ke tafe tun bai ga ƙurar dawaki ba. Aikin tambarin zane bai wuce wannan ba, wato a gane ku daga nesa ba tare da an tsaya tambaya ba. Saboda haka ba don ku aka yi shi ba, domin ku kun riga kun san junanku. An yi shi ne don matar da mijinta ya rasu, wadda ta ga takarda a hannun baƙo a ƙofar gidanta tana son sanin ko ta yarda da shi, da kuma akawun asibiti da aka miƙa wa wasiƙar neman sassauci.

Ya tabbata a cikin ingantattun hadisai cewa lokacin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi nufin rubuta wa sarakunan ƙasashe wasiƙu, an gaya masa cewa ba sa karɓar wasiƙa sai mai hatimi, sai ya sa aka ƙera masa zobe na azurfa aka zana sunansa da manzancinsa a kai. Zoben nan ya wuce hannun Sayyidina Abubakar, ya wuce hannun Sayyidina Umar, ya zo hannun Sayyidina Usman har ya faɗa rijiyar Aris a zamaninsa. Ban kawo wannan domin in kwatanta tambarin ƙungiya da abu mai wannan daraja ba, ba kuma ina nufin sauya tambari laifi ne a addini ba. Na kawo shi ne domin a ga cewa tun asali an yi hatimi saboda mai karɓar wasiƙa, kuma amfaninsa yana cikin daɗewarsa yadda aka san shi.

Ka duba yadda mutanenmu suke kiran abubuwa. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta gaya wa mai Keke Napep ya kai ta banki mai giwa ko banki mai doki, kuma ba zai ɓata ba. First Bank ya samo asali tun 1894, Union Bank tun 1917, kuma dukansu sun yi wa tambarinsu kwaskwarima a wannan zamani, na farko a 2014, na biyu a 2015. Sun sake fasalin rubutu, sun gyara launi, sun sake zana dabbar da hannun zamani, amma babu wanda ya kori giwarsa ko dokinsa, duk da cewa suna da kuɗin da za su ɗauki ƙwararrun masu zane na duniya su kawo musu abin da ba a taɓa gani ba. A siyasa ma haka abin yake. Duk Basakkwacen da ya yi wayo a 1979, lokacin da Alhaji Shehu Shagari ya ci zaɓe, har yau idan aka ce masa gida da masara ya san NPN ake nufi, kamar yadda mabuɗi ya tsaya wa PRP, kuma kafin su fartanya ta tsaya wa NPC ta su Sardauna. A yau ma mai jefa ƙuri'a lema yake nema ko tsintsiya a jikin takarda, ba haruffa ba. Haruffa biyu farare a kan shuɗi ba su da sunan da baki zai kama. Ka gwada da kanka: me matan unguwa za su kira ku idan kun koma wa sabon? Ba za su ce "masu haruffa" ba. Za su ci gaba da cewa masu giginya, su riƙa neman giginyar a takarda ba su gani.

Manyan kamfanonin ƙasashen waje sun sha yin tuntuɓe a nan. A watan Oktoba na 2010 kamfanin tufafi na Gap a Amurka ya ajiye tambarinsa na shuɗin akwati da aka sani shekara da shekaru, ya fito da sabo, amma masu sayen kayansa suka yi masa caa, bai cika fiye da mako guda ba ya koma wa tsohon. Kafin nan, a farkon 2009, kamfanin ruwan lemu na Tropicana ya cire hoton lemu da tsinken zuƙa a soke a jikinsa daga kwalinsa, ya sa hoton kofi cike da ruwan lemu. Masu saye suka riƙa wucewa ta gaban kayan a kanti ba su gane shi ba, ciniki ya faɗi da kusan kashi 20 cikin 100, kuma cikin ƙasa da wata biyu aka sanar da komawa ga tsohon kwali. Ruwan da ke ciki bai sauya ba ko kaɗan, alamar da ido ya saba da ita ce kawai ta ɓace. Na kusa-kusa kuma shi ne Twitter, wanda Elon Musk ya cire wa shuɗin tsuntsunsa a watan Yuli na 2023 ya mayar da shi X, amma har gobe ɗimbin mutane da tsohon sunan suke kiransa, 'yan jarida ma suka daɗe suna ƙara bayanin cewa shi ne wanda a da ake kira Twitter.

Adalci ya sa in faɗi ɗaya ɓangaren, domin kada dattawanku su ɗauki wannan shafi su mayar da shi sanda. Ba kowane ƙorafi ne hujja ba. Lokacin da Instagram ya sauya tambarinsa a watan Mayu na 2016 an yi ta surutu kamar za a tashi duniya, amma bayan ɗan lokaci aka saba, yau kuma yara da yawa ba su ma san da tsohon ba. Ido yana ƙin sabon abu a rana ta farko ko da ya fi kyau. Sai dai akwai abu biyu da ya kamata a lura da su a wannan misali. Instagram bai jefar da kyamara ba, ya rage ta ne zuwa layuka kaɗan, har yau wanda ya kalle shi ya san kyamara ce. Sannan tambari ne da ɗaruruwan miliyoyin mutane suke dannawa kowace safiya, don haka ko sun so ko sun ƙi sai sun saba. Ku ba ku da wannan gata. Mutum yana iya ganin takardarku sau ɗaya a shekara, ranar rabon abincin azumi ko ranar da aka kwantar da ɗansa a asibiti, kuma da irin wannan ganin jefi-jefi sai an yi shekaru kafin sabon zane ya zauna a zukata.

Yanzu bari in juya wurin matasanku, domin suna da gaskiya fiye da yadda dattawa suke zato. Malamin da ya zana tambarin ya zana shi ne don allon ƙofar ofis da saman takarda, inda fili yake da yalwa. A yau wurin da aka fi ganinsa shi ne 'yar da'irar hoton WhatsApp, wadda a jerin saƙonni ba ta fi kan ɗan yatsa girma ba. Ka ɗauki wayarka yanzu ka duba. Ina da tabbacin cewa giginyar kaɗai za ka iya rarrabewa, hannayen sun zama ɗigon tawada, hasken ranar ya cakuɗe da ganye, rubutun ajami kuwa ya koma kamar jerin tururuwa. Ka sake gwada shi a hatimin roba bayan an buga shi sau ɗari tawada ta cike ƙananan ramuka, ko ka kai wa mai aikin keke ya ɗinka shi a aljihun riga, ka ji abin da zai gaya maka. Na taɓa tsayawa a shagon wani mai buga takardu ana ƙoƙarin fitar da irin wannan tambari a katin shaida, yaron da ke kan kwamfuta ya faɗaɗa hoton, sai ga shi ashe hoton hoto ne, an ɗauka da waya daga jikin wata tsohuwar kalanda, har da inuwar yatsan mai ɗauka a gefe. Idan naku ma haka yake yawo, to, ba tsufa ne ciwonsa ba, rashin kula ne.

Ragewa ba cin mutuncin mai zane ba ne. Tutar Najeriya da Michael Taiwo Akinkunmi ya zana a 1959 tana ɗauke da jar rana mai haske a tsakiyar farin, alƙalan gasar suka cire ranar suka bar kore da fari da kore, aka ɗaga ta ranar 1 ga Oktoba, 1960, kuma har ya rasu a 2023 ba wanda ya ce ba shi ya zana ta ba. Ka dubi dagin Arewa kuma. Abin da ya sa ya rayu shi ne maɗinki yana iya fitar da shi da zare, magini da laka ko siminti, baduku da fata, ɗan makaranta da fensir, kuma a kowane hannu ana gane shi. Tambarin da yaro ba zai iya kwaikwayonsa da yatsa a kan rairayi ba ya yi nauyi.

Akwai kuma wani dalili na gyara wanda matasanku ba su ambata ba, kuma ina ganin shi ne zai fi saurin shiga kunnen dattawa. Tambarinku yana ɗauke da ayar Alƙur'ani. A lokacin da yake kan allo da saman wasiƙa kaɗai, babu damuwa sosai. Amma yanzu, idan har kuna yin abin da sauran ƙungiyoyi irin taku suke yi, ana buga shi a buhun shinkafa da ledar rabon kaya da rigunan matasa, buhun a shimfiɗa shi a zauna a kai, ledar iska ta kwashe ta zuwa kwata, rigar a shiga da ita bayi. Ko ƙasar Saudiyya ba ta sassauto da tutarta ƙasa-ƙasa a ranar makoki, saboda kalmar shahada da ke jikinta. A gari irin Sakkwato ba sai an yi dogon bayani a kan wannan ba. Ku kai maganar ga limamin unguwarku ya yi muku bayani, kuma ina kyautata zaton dattijon da ya ce a jira shi ya mutu shi ne zai fara cewa a cire ayar daga abin da ake bugawa a buhu. Da zarar an yarda da taɓa abu ɗaya saboda dalili mai ƙarfi, ƙofar gyara ta buɗe ba tare da kowa ya ji an kayar da shi ba.

Ajamin kuwa ina ba da shawara a yi hattara da shi. Mutanenmu ba su manta ba cewa a 2007 Babban Bankin Najeriya ya cire ajami daga takardun naira 5 da 10 da 20 da 50, sannan aka fitar da naira 100 ta bikin cikar Najeriya shekara ɗari da haɗewa a 2014 ba tare da shi ba, kuma har yau akwai masu jin zafin abin. Idan matasa suka share ajamin daga tambarinku gaba ɗaya, dattijo ba zai ji cewa an gyara zane ba, zai ji cewa an ce karatunsa ba karatu ba ne. Mafita ita ce ku kasance da tambari ɗaya mai riga biyu. Babba, mai cikakken suna da boko da ajami, ya zauna a saman wasiƙa da allon ofis da takardar shaidar girmamawa. Ƙarami, wanda giginya ce kawai a cikin da'irarta da launi ɗaya ko biyu, shi ne na waya da hatimi da aljihun riga da buhu. Ranar da ke bayan giginyar za ta iya tafiya ba wanda zai yi kewarta. Hannayen musafaha kuwa kusan kowace ƙungiyar taimakon juna a ƙasar nan tana da su, don haka ba su bambanta ku da kowa. Idan an bar su a babban, ba sai an cusa su a ƙaramin ba. Shuɗin da matasa suka zaɓa, in dai bai yi faɗa da launin da aka san ku da shi ba, a ba su shi, domin su ma su ga hannunsu a ciki.

Na san wani zai yi muku ba'a da karin maganar nan ta inuwar giginya, na nesa ka sha ki, ya ce ƙungiyar taimako ba ta dace da itacen da ba ya rufe na gindinsa ba. Ku yi dariya ku wuce. A Sakkwato giginya ba itace ba ce kawai, suna ne mai tarihi, tun daga filin da aka gwabza da sojojin Turawa a watan Maris na 1903 har zuwa filin wasa da barikin soja da suke amsa sunan a yau. Malamin nan ya san abin da ya zaɓa.

Batun cewa ƙungiyoyin agaji suna yi muku kallon 'yan ƙauye saboda tambari, wannan ban yarda da shi ba. Mai ba da tallafi yana duba takardar rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, da asusun banki mai sunan ƙungiya ba na mutum ɗaya ba, da rahoton kuɗi da aka bincika, da shaidar aikin da aka yi. Idan waɗannan sun cika, tambarin da aka zana da hannu ƙarin kwarjini ne, domin yana nuna cewa ba jiya kuka haɗu don jin labarin kuɗi ba. Idan kuma ba su cika ba, haruffa farare a kan shuɗi ba za su rufe ramin ba.

Game da yadda za a yi aikin, kada a yi gaggawa. Duk mun ɗanɗani kuɗar sauyin takardun naira da aka sanar a watan Oktoba na 2022, aka fito da sababbin 200 da 500 da 1,000 a tsakiyar Disamba, aka ba tsofaffin wa'adin makonni kaɗan, har sai da Kotun Ƙoli ta shiga tsakani a ranar 3 ga Maris, 2023. Abin da ya fi cutar da mutane ba sabon launi ba ne, kashe tsohon ne tun sabon bai wadata ba. Ku ma kuna da rasit da katunan shaida da takardun wasiƙa da aka riga aka buga da kuɗin marayu, kuma babu dalilin zubar da su. A ci gaba da amfani da su har su ƙare, sabon bugu ya fito da gyararren tambari. Akwai haɗari ma a cikin sauyi na farat ɗaya wanda ba a cika tunawa da shi ba. Ƙungiyar da ke karɓar gudummawa ta waya, idan ta watsar da tsohon tambarinta alhali shi jama'a suka sani, ta bar riga ce a bakin hanya, kuma ɗan damfara na iya ɗauka ya saka, ya buɗe shafi da giginyarku ya riƙa karɓar sadaka, ku kuma masu haruffa a riƙa yi muku kallon na bogi.

Ka fara duba kundin tsarin ƙungiyarku, domin wasu kundaye suna bayyana siffar tambari da hatimi, kuma idan naku ya yi haka, ba a taɓa shi sai ta hanyar da kundin ya shimfiɗa ta yin gyara. Bayan haka a kafa ɗan ƙaramin kwamiti, a sa wannan dattijo mai zafi a ciki tare da saurayin da ya zana sabon, domin mutum ba ya yaƙar abin da aka yi da hannunsa. Kafin a zana komai, ku tashi takanas ku je gidan marigayin ku gai da iyalinsa, ku gaya musu abin da kuke nufi, ku tambaya ko asalin takardar da ya yi zanen tana nan. Idan an same ta, a sa ta a gilashi a rataye a ofis da sunansa a ƙasa. Sannan a fitar da samfuri biyu ko uku, duka da giginya, a buga kowanne ƙarami da babba, da launi da baƙi-da-fari, a nuna wa mutanen da ba 'yan ƙungiya ba, musamman matan nan na unguwa, a tambaye su na su wane ne wannan. Wanda suka gane ba tare da jinkiri ba shi za a kai gaban babban taro. Kada a yanke hukunci da ƙuri'ar WhatsApp kaɗai, domin a can masu saurin yatsa ne suke rinjaye, dattijon da sai jikansa ya karanta masa saƙo kuwa sai dai ya ji an gama.

Matasan da suka daina biyan kuɗin wata kuma, ka same su ɗaya bayan ɗaya ka gaya musu cewa maraya bai san da rigimar tambari ba. Amma ka gaya wa dattawa su ma cewa yaron da ya zauna ya ɓata darensa yana zana wa ƙungiya alama ba maƙiyinta ba ne, kuma ina zargin abin da yake nema ya wuce zane: yana son a san cewa ya girma. Idan a cikin shugabanninku babu ko mutum ɗaya ɗan ƙasa da shekara arba'in, to, ko kun daidaita a kan giginya, rigimar za ta sake ɓullowa ta wata kafa.

TAMBAYA

Salamu alaikum, Malam. Mu ƙungiyar mata ce masu sana'ar hannu a Mabera. Bara mun ba wani yaro kuɗi ya zana mana tambari, ya turo mana hotonsa ta waya. Yanzu muna son buga shi a babban allo, mai bugawa ya ce hoton zai dushe sai mun kawo asalin aikin, yaron kuma ya ce asalin nasa ne sai mun ƙara kuɗi. Shin yana da wannan iko?

Wata mai karatu, daga Mabera, Sakkwato.

AMSA

Wa alaikumus salam. Hajiya, abin da zan faɗa ba zai yi miki daɗi ba, amma yaron yana da ƙafar tsayawa. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sabunta a 2022, haƙƙin zane yana farawa ne a hannun wanda ya zana shi sai idan an yi yarjejeniya a kan akasin haka, kuma miƙa wannan haƙƙi ga wani ba ya tabbata sai a rubuce. Tun da ba ku rubuta komai ba, abin da ya fi sauƙi shi ne sulhu. Mai bugawar ma gaskiya ya faɗa: hoton da ya bi ta WhatsApp an matse shi, idan aka faɗaɗa shi sai ya farfashe, alhali asalin aikin da aka gina da layuka a manhaja irin CorelDRAW ana iya buga shi daga girman kwabo har girman bango ba tare da ya dushe ba.

Ku kira shi tare da wani babba da yake jin nauyinsa, ku daidaita a kan ƙarin da bai fi ƙarfinku ba, amma a wannan karon a rubuta takarda cewa ya miƙa wa ƙungiya dukkan haƙƙin tambarin, ya sa hannu, shaidu biyu su sa. Ku karɓi asalin fayil ɗin da kwafinsa na PDF, da mai launi da baƙi-da-fari, ku ajiye a wurin mutum biyu ko uku, kada a bar shi a wayar shugaba kaɗai. Kada kuma ku raina ƙarin da yake nema don ganin zanen ƙarami ne. Ɗalibar da ta zana wa kamfanin Nike alamarsa a 1971, Carolyn Davidson, dala 35 aka biya ta, kuma sai da kamfanin ya dawo a 1983 ya ba ta hannun jari domin ya ga ladan bai kai aikin ba. Idan kayanku sun fara fita wajen Sakkwato, ku yi tunanin yi wa tambarin rajista a ofishin rajistar alamun kasuwanci da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari a Abuja, inda rajistar farko take ɗaukar shekara 7, sannan a riƙa sabunta ta duk bayan shekara 14. Rajistar sunan ƙungiya daban take da rajistar tambari, kuma takardar da yaron zai sa wa hannu ita ce za ta kare ku idan wani ya taso da jayayya a lokacin.